Zanen Hansatu

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Baba Wakili da dukan mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Ki gaishe mini da Gwaggo Mati in ta zo kasuwar Wara.

Ni lafiya lau nake a nan Kanada. Aikin kula da tsofaffi ba wuya, tsayuwa ce kawai mai yawa. Hannuna ya ɗan kumbura da sanyi, amma kada ki damu.

Inna, zannuwan ƙanwata Hansatu da kika ba ni bayan jirginsu ya kife a tafki, na yanyanka su, na haɗa su bargo guda. Tunda ba mu samu gawarta ba, ina son in sami abin da zan riƙe. Akwai wata mata a nan mai babban keken ɗinki, ita za ta sa auduga a tsakiya, ta ɗinke shi da shafi. Ta ce in goge, in tsinke zaren da ya fito, in bar shafin ya fi bargon faɗi. Duk na yi.

Da na kai mata, sai ta shinshina gefe ɗaya, ta ce, "Wannan yana warin hayaƙi. Sai kin wanke kafin ya hau kekena."

Shuɗin zanen nan ne, wanda Hansatu take ɗaurawa in tana ƙyafe kifi. Sau uku ina tara ruwa, ina zubarwa.

Don Allah ki sa ƙanena Jabir ya rubuto mini amsarki. In ke kika ce in wanke, zan wanke. Ni kaɗai ba zan iya ba.

Allah ya jiƙanta, ya bar mana ke.

Ɗiyarki,
Zakiyya