Wandon Yaya Sule

Daren Alhamis, Gwaram

Yau aka raba kayan marigayi Yaya Sule, aka ba ni wandonsa. Na gwada, ya zauna mini daidai. Inda zariyar ta goge saboda ɗauri, nan nake ɗaurewa.

Tumbinmu ɗaya, ana ce mana alamar hutu ce. Wane hutu? Hawan jini ya kayar da shi a ƙofar masallaci.

Likita a Birnin Kudu ya ce mini, "Baba, ka riƙa tattaki, ka rage tuwon dare. A hankali ake sauke tumbi, ban da maganin kasuwa."

Hajiya ta kawo malmala uku, na ci ɗaya. Ta ce, "Alhaji, lafiya?" Na ture kwanon gefe.

Wandon yana rataye a ƙusa. Na kashe fitila, amma ina ganinsa.