Atamfar da Ba Ta Yankuwa

Daren Laraba, watan Rajab

Yau Da Afi, wadda take ba ni atamfa bashi a kasuwar Asigame, ta zo ta kwashe abin da ya rage a rumfata. Ban yi mata musu ba. Tun ranar da 'yan duwan, wato kwastan, suka kama kayana a bakin iyaka na san na karye. Ta dubi cikina ta ce, "Hadiza, saura wata nawa?" Na ce ɗaya. Ta yi tsaki, ta bar mini turmi uku.

Duka ukun na jam'iyya ne, masu hoton shugaban ƙasa. Ita ma ta san ba mai sayensu sai ana biki.

Na dawo gida na kasa ɗan abin da ke hannuna: na ungozoma, na itacen wankan jego, na geron kunun kanwa. Ragon suna ban ma sa shi a lissafi ba, tunda motar da maigida yake neman abinci da ita tana gareji. Zanen goyo da tsummokaran jariri kuwa, ko dala ba ta rage musu ba. Sai na ɗauko almakashi.

Gwaggo ta riƙe mini hannu. "Ke 'yar nan, kina da hankali? Ki yanka fuskarsa, jariri ya yi kashi a kai, ki shanya a igiya duk unguwar Zango na gani? A kurkuku kike son haihuwa?"

Bayan ta kwanta na auna tsakanin hoto da hoto. Ko tafin hannu biyu bai kai ba.

Cikin nan sai motsi yake yi. Ya Allah, ga turmi uku sababbi fil a ƙarƙashin gadona, amma ba ni da abin da zan naɗe ɗana.