Fuskar Anselmo

Yaya Dorlan,

Ina gaisuwa. Ya jikin Mama da yarana? Ina lafiya a tsibirin Roatán. Girkin masaukin baƙin ba wuya, barci ne dai sai a hankali.

Jiya na bi ƙaramin jirgin ruwa da abincin baƙi. Masu nutso suka zauna a gefe, goye da tukunyar iskar shaƙa, suka faɗa ruwa da baya. Ashe fuska ce ƙarshen abin da ake gani. Matuƙi ya ce, "Uwar girki, jiri ne?" Na ce rana ce.

Kai ke tuƙa kwalekwale ranar da mijina Anselmo ya yi nutso bai fito ba. Don Allah, da wace fuska ya shiga? Ko ba dariya yake ba, faɗa mini.

Allah ya tsare ku.

Ƙanwarka,
Erlinda