Wandunan bayan rumbu

Laraba da dare, a gadon asibiti, Kano

Yau dai ciwon ya samu suna. Bayan sun zura min na'ura ta ƙasa sun duba, likita ta ce ba basir ba ne, gyambo ne a babban hanjina, kuma sai dai a yi ta lallaba shi da magani. Wata da watanni ina shan saiwoyi a ɓoye, na daina zuwa jam'i don alwalata ba ta daɗewa. Mutanen gari suka ce girman kan 'yan boko ne. Na gwammace su ce haka.

Likitar sa'ar autata ce. A gaban ɗan farina ta tambaye ni, "Baba, akwai jini a bayan gidan?" Na amsa mata da Turancin da na ƙarar da ƙuruciyata ina koyarwa ba ko na gode, na ce kaɗan ne. Sai yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Likita, da yawa ne. Ni nake wanke wandunan da yake ɓoyewa a bayan rumbu."

Ashe shi ne. Ni na ɗauka uwarsa ce.

Yaron da ban taɓa kiran sunansa ba saboda kunya, ga shi kwance a tabarma gefen gadona, ya bar albasarsa a Watari ba mai ban ruwa. Cikin ya sake murɗawa, ga robar ƙarin ruwa a hannuna, ba zan iya tashi ni kaɗai ba. Dole in tashe shi, kuma ban san da wane baki zan kira shi ba.