Jar Safar Remus

Jumma'a, 9 ga Agusta

Na gama haɗa jaka. Garin masara, albasa, risho, rigar ruwa, sai sandunan tanti. Shekara talatin da ɗaya ke nan haka muke yi idan ƙungiyarmu ta masu hawan dutse za ta hau duwatsun Retezat: ni da sanduna da turaku, abokina Ilarie da ƙyallen tantin. Da hannuna na yanke sandunan nan daga bututun alminiyam tun ina aiki a masana'anta, har yau ko lanƙwasa ba su yi ba. Na kira shi in tuna masa da igiya, bai ɗauka ba. Gobe ƙarfe biyar a tasha.

Asabar, 10 ga Agusta, bakin tafkin Bucura

Ban ma san ta inda zan fara ba.

A tasha na ɗaga wa Ilarie hannu, ya dube ni ido cikin ido, ya kawar da kai. Sai da na yi magana ya ce, "A'a, Tavi, ashe ka iso." Yana tsaye da Remus, direban bas ɗin nan da ya shigo ƙungiya wata huɗu da suka wuce. Ƙaton mutum, ya haura arba'in, da jar safa har gwiwa kamar ɗan ƙwallo.

Da muka sauka daga mota a Carnic ana rabon kaya, na ce, "Tsoho, ina ƙyallen?" Ya sosa ƙeya. "Bana a tantin Remus zan kwana. Nasa ba nauyi." Shi ke nan. Ko haƙuri bai ba ni ba.

Zamfira, mai kula da girkinmu, ta ce in bar sandunan a mota tunda ba su da amfani. Na ce mata a bayana suke, ba a bayanta ba. Awa bakwai na yi ina ɗauke da sandunan tantin da babu shi, suna bugun ƙeyata a kowane taku.

An ba ni wuri a tantin kayan abinci. Ni da buhun albasa.

Lahadi, 11 ga Agusta

Ba kishi nake ba. Da furfurata? Abin dai ya tsaya mini a rai ne.

Sun kafa tantinsu a cikin da'irar duwatsun da ni da Ilarie muka jera don tare iska, shekara ashirin da wani abu. Babban dutsen da ke wajen ƙofa ni na mirgino shi, har farcena ya cire. Yanzu Remus ke shanya jar safarsa a kai. Yana da ita kala ɗaya har uku, na ƙirga.

Sun zama kamar tif da taya. Za a je ɗebo ruwa, Remus a gaba, Ilarie a baya. Za a zagaya, Remus a gaba, Ilarie a baya. Kansa a sunkuye, yana bin sawun mutumin kamar rago. Ilarie fa! Wanda a da yake hango alamar fenti mai nuna hanya a jikin dutse tun kafin mu iso, ya tsaya yana mana dariya.

Bayan cin rana na fito da karta, na ce ya zo in lallasa shi yadda na saba. Ya ce ya daina karta. Tun yaushe? "Tun da na gaji da cinye ka." Kowa ya yi dariya, har da Remus, wanda bai san komai a kan wasanmu ba.

Abin haushin, mutumin ba shi da laifin da zan kama. Nea Tavi yake ce mini, kamar wani kawunsa. Ya kawo mini shayi ba tare da na tambaya ba. Na sha, amma ban ce ya yi daɗi ba.

Litinin, 12 ga Agusta

Ruwa tun safe. Ina jin su suna dariya a tantinsu. Labarin dabbar beyar da ta sace mana cuku Ilarie yake ba shi, kuma ya cire ni daga labarin.

Litinin ɗin dai, da la'asar

Ruwa ya ɗauke. Zamfira ta tuƙa tuwon masara, muka ci da cukun da aka sayo wurin makiyaya. Ilarie ya zo zuba mini shayi, ya tsiyaye rabi a kan takalmina. Na ce, "Ko kofin nawa ma ba ka son kallo yanzu?" Remus ya karɓi butar ya ƙarasa zubawa, wai hannun Nea Ilarie ya yi sanyi. Wa ya tambaye shi?

Zamfira ta ja ni gefe. "Tavi, ka saki fuska mana, ka zama kamar wanda aka ƙwace wa abinci." Na ce fuskata ce.

Gobe za mu hau ƙololuwar Peleaga. Ni ke jera layi, ni ke cewa wane a gaba, wane zai rufe baya. Haka yake tun da aka ɗora mini littafin ƙungiya, kuma ni na rubuta dokar da ke shafin farko: wanda ba zai iya kai kansa ba, ba ya hawa. Da ita na mayar da Nea Pamfil gida daga wannan tafkin shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da gwiwarsa ta fara rawa. Ya yi kuka a gaban mutane. Har ya rasu bai ƙara yi mini magana ba, amma ba a taɓa sauko da kowa a kan makara a zamanina ba.

To, gobe za a bi layi yadda na ce. Sabon shiga shi ke rufe baya, ai ba yau aka fara ba.

Talata, 13 ga Agusta

Ko ta yaya sai na rubuta wannan.

Da safe na karanta layi: ni a gaba, Ilarie a bayana kamar kullum, sauran takwas a tsakiya, Remus a ƙarshe. Remus ya matso ya ce a hankali, "Nea Tavi, don Allah ka bar ni a gabansa." Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Malam direba, nan ba bas ɗinka ba ne." Aka yi dariya. Na ji daɗin dariyar, ba zan ɓoye ba. Remus ya dubi Ilarie, Ilarie ya girgiza masa kai, ya koma baya.

A kan ciyawa lafiya lau. Har na fara ba Ilarie labari, yana amsawa, na ce a raina ka ga abin da ake so ke nan. Da muka shiga filin manyan duwatsun nan sai ya fara ja baya. Ina tsallakawa, ina jin shi yana laluben wuri da sandarsa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na ce, "Tsoho, ko sai an kira maka mai goyonka?" Na ƙara sauri, da gangan.

Sai na ji ƙara. Na juyo, ƙafarsa ta zurma tsakanin duwatsu biyu, ya kife. Ƙaurinsa ya tsage, jini har cikin takalmi. Na duƙa a kansa ina faɗa, ina cewa ga dutse shimfiɗaɗɗe kamar tebur a gabanka, me ya kai ka rami? Ya riƙo rigata ya jawo ni kusa da bakinsa.

"Ba na ganin ƙafarka, Tavi. Wandonka kalar dutsen ne."

Ban gane ba sai da ya maimaita. Tsakiyar idonsa ta mutu, duka biyun, tun sanyin bara. Gefe-gefe kawai yake gani, shi ma sai abu mai kala. Likita ya ce ba gyara.

Jar safa. Kwana huɗu ina yi mata dariya.

Remus ya iso yana haki, ya ture ni, ya ɗaure ciwon. Ko kallona bai yi ba, gara ma da ya zage ni. Zamfira ta wuce da sauran, mu uku muka juyo. Masu aikin ceto da ke bakin tafki sun wanke ciwon, sun ce ƙashi lafiya.

Laraba, 14 ga Agusta

Na sami Remus a bakin ruwa yana wanke tukunya. Na ɗauki ɗayar na fara gogewa.

Shi ya fara magana. Wai a tashar kasuwa ya lura da wani dattijo da ke tambayar lambar bas kullum, alhali ga ta ɓaro-ɓaro a goshin mota. Daga nan suka saba. Ilarie ya ce masa abu ɗaya yake so, ya ƙara taka Peleaga sau ɗaya kafin duhun ya gama rufewa. Wata huɗu suna gwaji a tudun bayan gari. Sun gwada fari, sun gwada ruwan ɗorawa, ja ne ya fi gani. Shi Remus ko son dutse ba ya yi, tsoron tsayi yake ji.

Na ce, "To ni me ya hana ya gaya mini?" Ya ci gaba da gurzar tukunya. "Ka tambaye shi, Nea Tavi."

Na tambaye shi. Yana zaune a kan dutsen nan nawa, ƙafa a miƙe. Ya ce, "Da ka yi yaya? Kai ka rubuta dokar. Ina tsaye a wurin ranar Pamfil." Na ce Pamfil daban, kai daban. Ya ce, "Shi ya sa. Ko ka mayar da ni gida, ko ka karya dokarka saboda ni. Ban so in ga ko ɗaya ba." Sai ya yi 'yar dariya. "Ko da yake yanzu ba abin da nake gani."

Ban yi dariya ba. Shekara talatin da ɗaya muna kwana kafaɗa da kafaɗa, na san tarinsa, na san warin safarsa, amma direban bas ne ya gane idonsa ya tafi. Ni ina can ina lissafin wa ya yi wa wa dariya. Wannan ya fi kishin zafi, kuma kishin bai tafi ba.

Zamfira ta zo da yamma ta tsaya a ƙofar tantin albasa. "Mutane na tambaya. Gobe za a sauka da shi ne?" Na ce littafi na hannuna, ni zan faɗa.

Na fito da sandunan, na haɗa guda ɗaya. Ta kusa tsayina. Na naɗe bakinta biyu da igiya don kada ta zame a hannu.

Alhamis, 15 ga Agusta

Mun hau.

Da hantsi, mu uku. Remus a gaba da safarsa, ni a gefen rami, sandar tanti a tsakanina da Ilarie, ya riƙe baki ɗaya na riƙe ɗaya. Idan dutse mai motsi ne in ja ta sau biyu. Awa huɗu a hanyar da muke yi a biyu. Sau uku Remus ya tsaya ya rufe ido saboda jiri, Ilarie ne ke lallashinsa. Makaho na ba direba haƙuri, ni kuma ina tsakiya da sandar tanti. Wasu yara 'yan jami'a suka wuce mu suna kallo, na ce su kalli gabansu.

A ƙololuwa Ilarie ya ce, "Faɗa mini." Na fara lissafa masa tafkunan da ke ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Na yi kuskure a na uku, ya gyara mini ba tare da ya juya kai ba. Ya tambaya ko ana hango tantuna. Na ce ana hangowa, har da da'irarmu. Ya daɗe yana fuskantar wajen.

Ilarie ya fara rungumar Remus kafin ni. Na lura. Amma ni ya fi daɗewa a jikina, wannan ma na lura.

Da muka dawo Zamfira ta ce, "To dokar fa?" Na ce ai da ƙafarsa ya kai kansa, ba wanda ya goya shi. Ta dube ni ta dube ni, ta ce, "Da Pamfil ya ji wannan."

Litinin, 19 ga Agusta, gida

Gwiwoyina sun kumbura. Na wanke turaku na shanya.

Jiya bayan coci na bi ta maƙabarta, hanya ce ta bi da ni. Ciyawa ta rufe wurin Nea Pamfil, na ɗan cire.

Na kira Ilarie, 'yarsa ta miƙa masa wayar. Na ce baɗi ya kawo ƙyallen, kada ya ƙara sa ni ɗaukar sanduna a banza. Ya ce, "Remus fa?" Na ce tantin na mutum biyu ne, amma idan aka fitar da jakunkuna waje zai ɗauki uku. A bakin ƙofa zai kwana, inda iska ke shigowa. Sabon shiga ne.

Na shiga kasuwa sayen batir, na sayi safa ƙafa biyu, dogaye har gwiwa. Jajaye ne. Su kaɗai suka rage a shagon.