Allon Baba Ya Kwana Tara Babu Rubutu

Assalamu alaikum Hajiya Adawiyya. Don Allah ki taimake ni da shawara. Na yi abin da nake ganin gyara ne, sai ga shi na ɓata wa mahaifina rai, ban kuma san ta inda zan soma ba shi haƙuri ba.

Muna da ɗan gidan abinci a Ƙofar Taramniya, benci huɗu da tebur biyu. Inna ta buɗe shi tun ina goye. Ita ke girki. Baba kuwa, da yake malamin firamare ne, aikinsa guda: kullum in ya dawo sallar asuba sai ya goge baƙin allon da ke jingine bakin ƙofa, ya rubuta abin da za a dafa ranar, ajami a dama, boko a hagu. A jikin allon nan na koyi karatu. Na iya haɗa "tuwon shinkafa" tun ban iya rubuta sunana ba. Har yau ina ganin Inna tana leƙowa daga madafa da muciya a hannu, tana cewa ya manta miyar sure, shi kuma ya ce ba a yi wa malami gyara gaban ɗalibai, mu yi ta dariya. Ran da anka samo kifi ba ya rubuta sunansa, zana shi yake yi, duk unguwa kuma an san ma'anar.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Inna, ni na gaji tukwanenta. Baba bai fasa rubutu ba. Sai dai yanzu hannunsa na rawa, layukan sun karkace, wani lokaci ni kaina sai na tsaya na ƙura ido. Ga ma'aikata da ɗaliban jami'a suna son sanin abin da anka dafa tun kafin su taso, sai su yi ta bugo waya ina tsakiyar tuƙa tuwo. Ƙanena Nasiru ya ce a buɗe mana shafin intanet, na ce ina mu ina shafi da benci huɗu. Sai ya nuna mini yadda zan rubuta jerin abincin in ɗora a sitatus na WhatsApp. Na fara, ban gaya wa Baba ba. Wata biyu ina yi, ciniki kuma ya ƙaru, ba zan ɓoye miki ba.

Ran wata Talata Malam Maccido, tsohon mai sayen abincinmu daga Dundaye, ya faka babur ya wuce allon ko kallonsa bai yi ba, ya ɗaga murya ya ce dambun da ya gani cikin waya ya biyo. Baba na zaune bakin ƙofa, garin alli bai ko bar yatsunsa ba. Ya tambaye ni wace waya, na yi masa bayani ina kame-kame. Abin da ya ce kawai shi ne, "To madalla, ashe an hutasshe ni."

Yau kwana tara bai taɓa allon ba. Bai yi faɗa ba, yana amsa gaisuwata, amma ya bar zama bakin ƙofa. Na roƙe shi ya rubuta, ya ce alli ya ƙare, alhali ga kwali guda bisa taga. Nasiru ya ce rigimar tsufa ce, za ta wuce. Ni kuwa duk safiyar da na buɗe ƙofa na ga allon nan baƙi wuluk, sai in ji kamar jiya Inna ta rasu. In daina saka abincin a waya ne? In na daina, masu sayen da na samu fa?

Taki,
Magajiyar Tukwane, Sakkwato

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Kada ki daina. Ba laifi ba ne ki sanar da mutane abin da kika dafa ta hanyar da ta fi musu sauƙi, kin kuma yi daidai da kika ƙi ɗaukar nauyin shafin da ba ki buƙata. Kuskurenki ɗaya ne: ɓoyewa. Wata biyu yana tashi yana rubutu da hannu mai rawa, yana zaton shi ke kira muku masu saye, sannan ya ji labari daga bakin baƙo, a gaban jama'a. Wannan ne ya yi masa ciwo, ba wayar ba. Ban kuma yarda da Nasiru ba. Shekaru da yawa aikin nan na shi da matarsa ne, yanzu allon nan kaɗai ya rage masa daga ciki.

Ki same shi ku biyu, bayan ya ci abinci. Ki nemi gafararsa a kan ɓoyewar, kada ki tsaya kare kanki da zancen ciniki. In ya sauko, ki kawo masa wannan: ya rubuta allonsa kamar kullum, ki ɗauki hotonsa da hasken safe, hoton ne zai hau sitatus. A ƙarƙashi ki buga jerin abincin da farashi, saboda wanda bai iya ajami ba ko wanda rubutun ya shige masa. Ki tsayar da lokaci guda, misali ƙarfe takwas, don mutane su saba. Kwatancen wurin da lokacin buɗewa ki sa su a bayanin lambarki ta WhatsApp, ki huta da amsa waya. Abin da ya ƙare ki sanar nan take, kada wani ya taso daga Dundaye ya tarar da tukunya a kife. Ran da hannun ya ƙi, ya karanto jerin da bakinsa ki naɗi muryar. Ki riƙa nuna masa sunayen waɗanda suka duba, zai tarar da tsofaffin ɗalibansa a ciki.

Amma ki shirya wa wata amsar. Baba ya fi ki sanin hannunsa na rawa. Mai yiwuwa ya daɗe da gajiya, yana yi ne don ke, kamar yadda kika yi shiru don shi. In ya ce ya ajiye alli, kada ki matsa masa don kewar da ke damun ki. Ki roƙe shi abu ɗaya: ya dawo kujerarsa ta bakin ƙofa ya riƙa amsa sallamar mutane. Ko ya rubuta ko bai rubuta ba, wannan karon shi zai zaɓa, ba a bayan idonsa za a yanke ba.

Ki je yau, kada ki bari a shiga kwana na goma. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sanyaya zuciyarsa, ya sa albarka a girkinki.

Hajiya Adawiyya