Kanwar Karatu

Dakar, 1961

Zuwa ga Baba, a Cadawa.

Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fata kuna lafiya, kai da Inna da ƙannena. Yaya damina?

Saƙonka ya iso, cewa tunda ƙasa ta samu 'yanci in dawo in kama aikin buro, na zaman ofis, a Agiye, wai karatun ruwa ba karatu ba ne. Baba, ka gafarce ni, ba yanzu ba. Ka sa Inna ta jiƙa soborodo ta jefa kanwa, jan zai koma duhu. Ta ƙara tsamiya, zai dawo ja. Tsami da kanwa ke kashe kaifin juna har ruwa ya daidaita. Awon wannan nake koyo a lakol, kuma da shi ake fara duba ruwan rijiya. Buro ba zai rasa mazauna ba, rijiyoyinmu ne ba su da mai dubawa.

Lafiyata ƙalau, sai ɗan ƙwannafi da abincinsu ke sa ni, kada Inna ta ji. In an samu mai zuwa, a aiko mini da kanwa da yawa. In ta tambaya, a ce mata ta karatu ce.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanka,
Maharazu